Garke guda, kawuna biliyan: yadda lissafi ke tantance na'urar da ba a ƙera ba tukuna

A ranar 1 ga watan Agusta 2024 dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira ta soma aiki, a watan Yulin da ya gabace shi kuma Tarayyar Afirka ta amince da manufarta ta nahiya a kan batun. Tun daga lokacin kalmomi irin su "ingantacce", "amintacce" da "an tantance" suka yawaita a takardun kamfanonin da ke sayar da na'urori masu sarrafa kansu. Dokar Turai ba ta hau kan Nijar ba, sai dai kayan da ake ƙerawa ƙarƙashin irin waɗannan ƙa'idoji suna isowa Yamai da Tahoua, a cikin kayan asibiti, da na'urorin wutar rana, da na filin jirgin sama. Abin da ke rikita mai saye shi ne kalmar "an tantance" tana ɗauke da ma'anoni biyu masu nisa da juna. Wani lokaci tana nufin an gwada na'urar sau da yawa ba a ga aibu ba. Wani lokaci kuma tana nufin an kafa hujjar lissafi cewa aibun ba zai auku ba, ko kuma yiwuwar aukuwarsa ba ta wuce wani adadi ba. Ma'ana ta biyu ita ce fagen da wannan sharhi ya shafa, musamman reshensa da ke duba tsare-tsare masu yawan gaske a zama guda.

Gwaji daban, hujja daban

Mai sayen albasa a Galmi yakan buɗe buhu uku ko biyar daga cikin ɗari, idan ya ga lafiya sai ya yi ciniki. Wannan shi ne gwaji, kuma yana da amfani ƙwarai, amma buhun da ba a buɗe ba yana nan da sirrinsa. Masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya daɗe da yin nuni da cewa gwaji yana iya bayyana cewa akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da cewa babu shi. Matsalar takan tsananta idan abin da ake tsoro ba ya aukuwa sai nadiran. A ƙa'idar ƙididdiga, wanda yake so ya samu yaƙini na kashi 95 cikin 100 cewa na'ura ba ta gazawa fiye da sau ɗaya cikin miliyan, sai ya gwada ta kimanin sau miliyan 3 ba tare da ta gaza ko sau guda ba. A harkar jiragen sama kuwa, ma'aunin da ake bi game da mummunar gazawa shi ne ɗaya cikin biliyan a kowace sa'ar tafiya, adadin da babu filin gwajin da zai iya cimma.

Tantancewa ta hujjar lissafi tana bin wata hanya. Ana rubuta samfurin na'urar, wato bayanin dukkan halayen da take iya shiga da yadda take fita daga wannan hali zuwa wancan. Ana rubuta sharaɗin da ake buƙata da harshen mantiƙi wanda ba ya karɓar fassara biyu. Daga nan kwamfuta ta bi kowace hanya da samfurin ya halatta, ba zaɓaɓɓu kawai ba. Edmund Clarke da Allen Emerson a Amurka a 1981, da Jean-Pierre Queille da Joseph Sifakis a Grenoble ta Faransa a 1982, su ne suka aza harsashin wannan dabara, kuma a 2007 aka ba Clarke da Emerson da Sifakis lambar Turing, babbar lambar yabo ta kimiyyar kwamfuta, saboda ita. Masana'antu ba su rungume ta da gaske ba sai da suka ɗanɗana asara: a 1994 kuskuren lissafin rabawa a cikin Pentium, na'urar da ke zama ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya ci wa kamfanin Intel dalar Amurka miliyan 475.

Inda sa'a ta shigo cikin lissafi

Ba kowane tsari ne ke amsa "e" ko "a'a" ba. Saƙon waya yakan ɓace a hanya, batir yakan mutu ba zato, hazo yakan rufe rana. Don irin wannan ake amfani da sarƙar Markof, wadda ta samo sunanta daga masanin lissafi ɗan Rasha Andrey Markov da ya fara bayyana ta a 1906. Ginshiƙinta shi ne abin da zai faru nan gaba ya dogara ga halin da ake ciki yanzu, kuma kowane sauyi yana da nasa adadin yiwuwa.

A ɗauki misali da alƙaluman da aka ƙaga don bayani kawai. A ce a lokacin hunturu, idan sararin Tahoua ya waye garau yau, yiwuwar ya waye garau gobe kashi 80 ce cikin 100. Idan kuwa hazo ne yau, yiwuwar hazon ya zarce gobe kashi 60 ce. Lissafi zai nuna cewa a tsawon lokaci kwana ɗaya cikin uku na hazo ne. Wanda ya riƙe wannan adadi shi kaɗai zai zaci yiwuwar hazon yau ya ƙara kwana biyu a jere kusan kashi 11 ce, alhali sarƙar ta ce kashi 36 ce, fiye da ninki uku. Ga asibitin karkara da ke ajiye allurar rigakafi a firjin wutar rana, inda ake so sanyi ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, wannan bambanci shi ne tsakanin batir da zai isa da wanda ba zai isa ba. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga masana yanayi, domin tun 1962 Gabriel da Neumann suka yi amfani da ita wajen bayyana jerin ranakun ruwa da na fari.

Idan a cikin tsarin akwai mai yanke shawara, kamar na'urar da ke zaɓar ko ta kashe fitilu don ta ceci firji, sai samfurin ya zama tsarin yanke shawara na Markof, wanda ake dangantawa da aikin Richard Bellman na 1957. A nan tambaya takan rabu biyu: mene ne mafi kyawun sakamako idan an yi zaɓi na hikima, mene ne kuma mafi muni idan an yi akasin haka? Manhajojin da suka shahara wajen amsa irin waɗannan tambayoyi su ne PRISM, wadda Marta Kwiatkowska da Gethin Norman da David Parker suka raya a Birmingham sannan a Oxford, da Storm, wadda ta fito a 2017 daga rukunin Joost-Pieter Katoen a Aachen ta Jamus. Da PRISM aka taɓa bincika yadda na'urori biyu masu Bluetooth ke gano juna, aka bi halayen farawa kimanin biliyan 17 ba tare da tsallake ko ɗaya ba.

Me ya sa ake maganar dangi

Injiniya ba ya zama da tsari guda. A koma ga asibitin nan: a ce akwai girman faifan rana iri 6, da batir iri 5, da mataki 10 na cajin da za a kashe fitilu a kansa, da mataki 10 na wanda za a tayar da janareto, da jeri 4 na wane kaya za a fara yankewa. Wannan ya ba da tsari 12,000. Idan aka ƙara cewa a kowace sa'a cikin 24 na'urar za ta zaɓi ɗaya daga hanyoyi biyu na caji, zaɓin ya ninku da 16,777,216, jimilla ta haura biliyan 201. Kwamfutar da ke tantance tsari guda a daƙiƙa guda za ta shafe fiye da shekara 6,000 kafin ta gama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare sarƙar Markof ce mai zaman kanta, tarinsu kuma shi ake kira dangi, domin gangar jikinsu ɗaya ce, a gurabe kaɗan suka saɓa.

Tambayoyin da ake yi wa dangi sun fi na tsari guda faɗi. Ana iya tambaya ko dukkan ƴan dangin sun cika sharaɗi, wanda shi ne tantancewa. Ana iya tambaya ko akwai ko da ɗaya da ya cika, ko wane ne ya fi araha a cikin waɗanda suka cika, wannan kuwa shi ne ƙera tsari daga sharaɗi: injiniya ya ba da zane mai gurabe, kwamfuta ta cike su da abin da hujja ta tabbatar. Tunanin ya tsufa, domin Alonzo Church ya gabatar da shi tun 1957 game da da'irorin lantarki, amma haɗa shi da yiwuwa a kan manyan dangogi aikin shekarun baya-bayan nan ne.

Tarihi ya nuna hatsarin ɗaukar hukuncin wani ɗan dangi a ɗora wa ɗan'uwansa. A ranar 4 ga watan Yuni 1996 rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta daga Kourou a Kudancin Amurka. Manhajar da ta gaza an gado ta ne daga Ariane 4, inda ta yi aiki lafiya shekara da shekaru. Sabuwar rokar ta fi gudu a kwance, sai wani adadi ya fi ƙarfin gurbin da aka tanadar masa. Manhajar ba ta sauya ba, yanayin da aka saka ta ne ya sauya, kuma tabbacin da aka yi wa ta farko bai rufe ta biyu ba.

Dabarun kiwon garken

Wata maƙala ta 2019 da Milan Češka da Nils Jansen da Sebastian Junges da Katoen suka rubuta ta kamanta aikin da kiwon garkunan sarƙoƙin Markof tun daga takenta, kamancen da ba ya buƙatar dogon bayani ga mutumin Abalak. Makiyayi ba ya tsayawa kan kowace dabba kafin ya san ko garke zai iya kai wa rijiya ta gaba; yana auna mafi ƙarfi da mafi rauni, ya yanke hukunci a kan duka.

Haka dabarar dunƙulewa take. Ana narkar da dangin gaba ɗaya cikin samfuri guda na yanke shawara, inda kowane gurbi ya zama zaɓi. Wannan dunƙulallen samfuri ya fi gaskiya sassauci, domin yana ƙyale mai yanke shawara ya ɗauki babban batir da dare ya koma ƙarami da safe, abin da ba ya yiwuwa a zahiri. Wannan sassauci shi ne sirrin dabarar. Idan duk da damar yin abin da ba ya yiwuwa mafi kyawun sakamako bai kai sharaɗi ba, to babu ɗan dangi ko guda da zai kai, sai a watsar da su duka da lissafi ɗaya. Idan kuma mafi munin sakamako ya cika sharaɗi, to duka sun cika. Idan sharaɗin ya faɗo tsakani, sai a raba dangin biyu a kan gurbin da mai yanke shawara ya fi yin tufka da warwara a kansa, a sake aunawa. A misalin asibiti, zai yiwu lissafi guda ya nuna cewa duk tsarin da ke da mafi ƙanƙantar batir ba zai tsallake kwana uku na hazo ba, komai wayon na'urar sarrafawa, sai kashi ɗaya cikin biyar na dangin, wato tsari fiye da biliyan 40, ya fita daga lissafi nan take.

Dabara ta biyu, ta shaidar gazawa, daga ƙasa take farawa. Ana ɗauko tsari guda a tantance shi, idan ya gaza sai a nemi ƙaramin ɓangaren da ya isa ya jawo gazawar, a kore duk wani tsari da ke da wannan ɓangare. Manomin da ya tarar albasa ta ruɓe a cikin rudu, ya gano cewa ɗigon rufi ne a kusurwar gabas, ba ya buƙatar ya juya kowace albasa ta wannan kusurwa kafin ya san halinta. Dunƙulewa takan yi saurin share fili idan ƴan dangin sun yi kama da juna a sakamako, amma dunƙulallen samfurin yakan yi nauyi ga ƙwaƙwalwar kwamfuta. Dabarar shaidar gazawa tana da sauƙin ɗauka, sai dai idan shaidar ta shafi gurabe da yawa, ba ta korar kowa sai tsarin da aka gwada. Manhajar PAYNT, wadda aka gabatar a 2021 daga jami'ar fasaha ta Brno a Jamhuriyar Cek tare da abokan aiki a Aachen, tana haɗa dabarun biyu, tana karkata ga wadda ta fi share fili a lokacin.

Babu ɗayansu da ta kawar da wahalar daga tushe. An tabbatar cewa neman ɗan dangi mai cika sharaɗi yana cikin ajin matsalolin da ba a san wata hanya mai sauri ta warware su a kowane hali ba, don haka akwai dangogin da za su tilasta a koma bi ɗaya bayan ɗaya. Al'amarin ya fi tsauri idan na'urar ba ta ganin dukkan halin da take ciki, kamar mai sarrafa batir da ke auna caji amma bai san tsufan batirin ba. Masana uku, Madani da Hanks da Condon, sun nuna a 1999 cewa babu wata hanyar lissafi da za ta iya warware irin wannan matsala gaba ɗaya idan lokacin aiki ba shi da iyaka. Abin da ake yi shi ne a taƙaita nema ga masu sarrafawa masu ƴar ƙaramar ƙwaƙwalwa, waɗanda su ma dangi ne, a nemi gwani a cikinsu.

Inda masana suka saɓa

Masu goyon bayan hujja suna nuni da layin jirgin ƙasa na 14 a Paris, wanda ya fara aiki ba direba a 1998 da manhajar tsaro da aka gina bisa hanyar B ta Jean-Raymond Abrial, wata hanyar gina manhaja da hujjar lissafi, da kuma ƙa'idar manhajar jiragen sama ta 2011 da ta zo da ƙarin kundi na musamman kan hanyoyin hujja. Masu goyon bayan kwaikwayon aikin na'ura a kwamfuta da ƙididdiga kuwa suna cewa yawancin tsare-tsare sun fi ƙarfin a bi su kaf, kuma amsa mai ɗan kuskuren da aka sani ta fi amsar da ba ta zo ba. Akwai kuma masu koyar da na'ura ta hanyar lada da horo, waɗanda masu sarrafawarsu kan yi fice a aikace, amma ba mai iya karanta dalilinsu. Ƙaramin mai sarrafawa da aka ƙera da hujja yakan gaza su ƙwarewa, sai dai ma'aikacin gyara yana iya bin ƙa'idojinsa a takarda. Ita kanta dokar Turai ba ta wajabta hujjar lissafi ba. Ta buƙaci kula da haɗari, da daidaito, da juriya ga na'urorin da ta ɗauka masu babban haɗari, ta bar hanyar cimma su a buɗe.

Suka mafi nauyi ba ta fito daga waɗannan ɓangarori ba, daga cikin gida take: hujja a kan samfuri ake kafa ta, ba a kan duniya ba. Idan kashi 60 da aka rubuta na zarcewar hazo a haƙiƙa kashi 75 ne, lissafin yana nan daidai amma firji zai ɗumame. Martanin masana shi ne a bar adadin a matsayin gurbi shi ma, a ce yana tsakanin kaza da kaza, a nemi tsarin da zai tsaya a dukkan wannan zango. Conrado Daws ya nuna a 2004 yadda ake fitar da amsa a matsayin ƙa'idar lissafi da ta dogara ga adadin da ba a sani ba. Wannan ya rage matsalar, amma bai kashe ta ba, domin mutum ne ke zaɓar iyakar zangon, kuma abin da bai zo masa a rai ba ba ya shiga.

Abin da ya shafi mutumin Yamai da na Tahoua

Babu wanda zai sayi wannan fasaha a kasuwa. Takan iso ne a ɓoye cikin kaya. Tasirinta na farko yana kan ma'anar alƙawarin da mai sayarwa ya yi. Batir mai darma yakan rasa kusan rabin tsawon ransa a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25, a Yamai kuwa zafin Afrilu da Mayu yakan haura 40. Na'urar da aka tantance a kan dangin da zafinsa ya tsaya a 35 ba ta yi wa kowa ƙarya ba, amma hujjarta ba ta ce komai ba game da ɗakin ajiya mai rufin kwano a Illela. Saboda haka jami'in da ke karɓar kaya zai fi samun amfani idan ya nemi a rubuta masa zangon zafi, da na ƙura, da tsawon yankewar wuta da aka saka a samfurin, fiye da ya tsaya ga hatimin da ke kan kwali.

Harkar wutar lantarki ta ba da misali a fili. Tashar wutar rana ta Malbaza mai megawat 7 ta soma aiki a 2018, ta Gorou Banda mai megawat 30 kuma a 2023, shekarar da Najeriya ta yanke wutar da take turowa a watan Agusta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Samfurin da ya ɗauki layin Birnin Kebbi, wanda ke kawo wutar daga Najeriya, a matsayin abin da ke yankewa na ƴan sa'o'i kawai, ba shi da amsa ga yankewar watanni. Irin wannan lamari ba a iya ba shi adadin yiwuwa da gaskiya, amma ana iya saka shi cikin dangi a matsayin hali, a tambayi wane tsarin rabon wuta ne zai riƙe asibitoci da famfunan ruwa idan ya auku.

Akwai kuma yadda ake karanta adadin kansa. Idan aka ce yiwuwar firji ya gaza a cikin shekara guda ita ce ɗaya cikin 1,000, shugaban asibiti guda yana iya kwantar da hankalinsa. Ma'aikatar da ke da firji 1,000 kuwa tana fuskantar yiwuwar kusan kashi 63 cikin 100 cewa aƙalla ɗaya zai gaza a shekarar, wannan ma idan gazawar wani ba ta da alaƙa da ta wani, alhali hazo guda yana iya rufe jiha sukutum.

Kayan aikin ba su da tsada: PRISM da Storm da PAYNT duk kyauta ake sauke su, kuma ƙananan samfura suna gudana a kwamfutar ɗalibi ta yau da kullum a Jami'ar Abdou Moumouni ko Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua. Abin da ke da wuyar samu shi ne alƙaluman da za a zuba musu. Na yanayi suna da mazauni, domin cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974 tana tattara bayanan ruwan sama da na noma na ƙasashen Sahel. Na gazawar kaya kuwa, wato ranar da famfo ya tsaya, da watan da batir ya mutu, da sa'o'in da wuta ta ɗauke a unguwa, galibi suna cikin littafin mai gyara ne ko a kansa, kuma sai an rubuta su da kwanan wata kafin su zama adadin da sarƙar Markof za ta iya ɗauka.